Shekarar da Aka Ɗauke Mushe Lawali

Shekaranjiya ina ɗaure jaka a bayan moto, babur ɗina, na ji ɗayanku yana cewa wai aikin nan wasa da yara ne, a ba su gashin kaza su hura, a nuna musu madubi, shi ke nan an tashi. Abin da ya zo bakina a lokacin ba na rubutawa ba ne. Bana aka ɗauke ku ku taimaka wa Madam Ramatu a makarantun Matameye da ƙauyukanta, kowa da takardarsa ta gama karatu. Ni Sale ba ni da ko ɗaya. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, aka cire ni, rubutun Hausar nan ma da gemuna na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Amma tun wasunku ba su san hanyar kasuwa ba nake cikin aikin nan. Ku karanta in kun ga dama.

Asalina ɗan kabu-kabu ne. Wani porje ne, wato shirin taimako na wata ƙungiya, ya kawo Madam Ramatu daga Yamai, ita ce mai gyaran maganar yara, abin da suke kira ortofonis da Faransanci. Aka ce tana neman mai moto wanda ya san hanyoyin Kurni da Dungu da Icirnawa, wanda ba ya gudu. Hausarta a lokacin ta sayen tumatir ce kawai, saboda haka in mun isa ƙauye ni ne bakinta wurin iyaye. Daga tuƙi da fassara ta fara cewa in riƙe mata wannan, in zauna kusa da wancan yaron, in kalli leɓensa in gaya mata abin da na gani. Ranar farko da wani yaro ya maƙale a kan sunansa, fuskarsa ta murɗe, sai dariya ta kuɓuce mini. Muka gama muka hau hanya. A tsakiyar daji ta ce in tsaya, ta sauka, ta ce in na sake yi ta gwammace ta riƙa tafiya a ƙasa. Haka koyona ya fara.

Gashin kazar da kuke rainawa, bari in gaya muku aikinsa. Akwai wata yarinya a wajen Kurni da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa, wato rufin baki, aka ɗinke mata a likitar Damagaram, babban asibiti. Ɗinki ya warke sarai, amma in ta yi magana iska ta hanci take bi, ba mai gane abin da take faɗa sai uwarta. Madam za ta ɗora gashin a tafin hannunta daidai bakin yarinyar. In ya motsa, iska ta bi baki. Ni kuma ina riƙe da ƙaramin madubi a ƙarƙashin hancinta, in ya yi hazo mun san ta sulale ta sama. Yarinyar da idonta take ganin inda iskarta ke bi. Rani guda muka kwashe a kan wannan kafin ta ce "baba" yadda uban zai waiwayo. Sauran kayan jakar, tsinken shan lemo ne, da auduga, da hotunan da Madam ke yankowa daga kwalaye. Ba abin tsada a ciki. Ku ɗauka ku gwada, mu ga in yaro zai ce muku ko "a".

Iyaye kuwa allura suke so, ko ƙwaya. In ka ce babu, sai su dube ka kamar ka ɓoye a aljihu. Da yawa kafin su zo mana sun riga sun kai yaro wurin wanzami ya yanke masa linzamin harshe, ko da ba shi ne matsalar ba. Ba na zaginsu. Mutum abin da ya sani yake yi. Haushina na wani wuri.

Ga abin da ba a gaya muku ba a taron da aka yi muku na koyon aiki. Madam sau ɗaya take ganin yaro a sati, shi ma in ruwa bai cinye hanya ba. Malamin aji kuwa, mushe, da shi yaron ke wuni. In mushe bai shiga aikin ba, abin da kuka gina ranar Talata kafin Alhamis ya rushe. Saboda haka rabin sana'ar nan zaman jiran malami ne a gindin bishiya, har ya sami lokacinka. Wani zai saurare ka yana goge allo. Wani zai ce, "Ku ɗauke shi ku gyara ku dawo mini da shi," kamar rediyo. Wani kuma, jefi-jefi, sai ka tarar ya fi ka damuwa da yaron. Mushe Lawali irin na ƙarshen ne.

A wata lakwal yake can bayan Dungu, cikin masu noman rake. Ajinsa na zana ne, yara cike har bakin ƙofa, uku-uku huɗu-huɗu a benci. A cikinsu akwai Mutari, ɗan aji uku, mai i'ina mai tsanani. In ya maƙale sai jijiyar wuyansa ta tashi, ya riƙa buga ƙafa a ƙasa. Lissafi kuwa ba wanda ke kama shi. Tun farkon shekara ubansa ya zo ya faɗa a gabanmu, ba da faɗa ba, cewa ya gaji da ganin ɗansa yana dawowa gida ido ja. In har yaron ya shiga aji huɗu bai iya miƙewa ya yi karatu kamar ƴaƴan mutane ba, zai cire shi ya kai shi garkarsa ta rake, rake ba ya tambayar kowa karatu. Mun san ba wasa yake ba.

Madam ta fara yadda ta saba. Lokacin karatu sai ta fitar da Mutari gindin wani darbejiya, su yi numfashi, su yi jan kalma a hankali. Bayan ƴan makonni Mushe Lawali ya tare mu muna shirin tafiya.

Ya ce, "Madam, kin san abin da suke ce masa duk ranar da ya dawo daga gindin bishiyar nan? Wai ɗan likita ya sha magani."

Ta ce, "To a ina kake so in gan shi, Mushe? Cikin wannan hayaniyar taku?"

"Kuma lokacin karatun nawa kike ɗauke shi. Abin da ya fi buƙata shi yake rasawa."

"Karatun da ba ya iya buɗe baki a ciki?"

Ya ce, "Wa ya ce miki ba ya buɗewa? Sati mai zuwa kar ki fitar da shi. Shigo ki zauna a baya."

Ta hau moto tana huci, ta ce mini kowane malami gani yake ya fi ta sanin aikinta. Amma da sati ya zagayo ta shiga, ni ma na raɓe a bakin zana. Kun san yadda ake karatu a lakwal ɗinmu: mushe ya nuna layi a allo da sanda, aji duka su ɗauka da murya ɗaya. Madam ta tsuguna a bayan bencin Mutari. Yaron nan da ba ya iya faɗin sunansa, ga shi yana karanta layi bayan layi tare da jama'a, ko tuntuɓe babu.

Da aka fita shan iska ta ce wa Mushe Lawali ta san da wannan tun a makaranta, mai i'ina in ya shiga cikin muryoyi harshensa kan saki. Abin da ba ta taɓa samu ba shi ne malamin da zai ba ta aron ajinsa. Suka tsuguna su biyu suna zane a ƙasa da tsinke. Aji duka su karanta, sai rabin aji, sai layi ɗaya na bencuna, sai benci guda, sai mutum biyu, sai mutum ɗaya. Ba a rana ɗaya ba, a hankali, sai Madam ta ce a sauka mataki kafin a sauka. Mushe Lawali ya ƙara nasa: kowa za a yi wa haka, yau wannan layi gobe wancan, don kada yaro ko ɗaya ya gane saboda Mutari ake yi. Ya yi ƙorafi abin zai ci masa lokacin lissafi. Ita ma ta haƙura da gindin darbejiya, ta koma ganin yaron bayan an tashi, wanda ke nufin mu dawo Matameye da yunwa cikin rana tsaka. Ba wanda ya sami yadda yake so duka. Ni nawa aikin, ranakun da take wata lakwal in biya in zauna a baya in saurara, in kawo mata labari da baki: yau a layi ya tsaya, yau ya yi a benci amma ya buga ƙafa sau da yawa.

Ba kullum ake ci gaba ba. Akwai lokacin da Mushe Lawali ya yi gaggawa ya sauke shi zuwa mutum biyu, yaron ya maƙale, aka yi dariya. Madam ta yi masa faɗa kamar ƙaninta, shi ma ya rama, ya ce ita yaro ɗaya take gani, shi aji guda ke kansa. Suka koma benci suka sake farawa. Wajen ƙarshen shekara Mutari na karatu shi da abokin zamansa kawai, kuma an ja kunnen abokin a asirce ya riƙa rage murya. Wata rana ina bakin zana, tari ya sarƙe abokin. Mutari bai lura ba, ya ci gaba shi kaɗai har ƙarshen layi. Mushe Lawali bai yaba ba, bai ko dube shi ba, haka Madam ta ce a yi. Ya ce, "Benci na gaba." Sai da ya fito waje ya kama kafaɗata ya girgiza ni har hulata ta faɗi.

Saura mataki ɗaya. Aka shirya da darakta cewa Mushe Lawali zai bi ajinsa zuwa aji huɗu. Uban Mutari ya ce ya ji, ya ƙara shekara.

To sai shekarar banza ta zo. Porje ya tsaya, wai ana jiran sa hannu a wani wuri, Madam ta koma Yamai. Malaman kwantaragi suka shiga yajin aiki, lakwal ta buɗe a makare. Ni na koma tasha ina ɗaukar fasinja, don gidana ba ya cin jira. Cikin hutun nan aka ɗauke Mushe Lawali aka jefa shi can arewa bayan Tanut, aka canza darakta shi ma. Ba wanda ya gaya mana. Wa zai gaya wa ɗan kabu-kabu?

A nan haushina yake, kuma har gobe bai huce ba. In za a canza malami, ana miƙa makulli, ana ƙirga benci, ana ƙirga littafi, har guntun alli sai an duba. Ba mai cewa ga yaro can a layi na biyu, kada ka tashe shi shi kaɗai tukuna. Maganar da ba ta kai tsawon shan shayi ba. Masu zama a biro, can ofis, suna matsar da sunaye daga wannan ƙauye zuwa wancan, ba su taɓa tambaya me mutum ya bari a tsakiya ba.

Ranar kasuwar Matameye na ga uban Mutari yana sauke daurin rake daga amalanke. Muka gaisa, na tambayi ɗalibinmu.

Ya ce, "Yana garka."

"Yau ba lakwal?"

"Shi dai ba shi da ita. Ka tambayi sabon mushenku."

Daga bakinsa da bakin yaran ajin na haɗa abin da ya faru. Sabon malamin, Mushe Bashir, yaro ne ɗanye, wannan ne ajinsa na farko. Ya sa karatun taro, ya ji muryar Mutari rau a ciki, har ya fi na kusa da shi. Ya ce wannan ya iya, taso gaban allo. Mutari ya taso ya maƙale a kalmar farko. Mushe Bashir ya ce raini ne, yanzun nan ya ji shi da kunnensa. Ya sa shi durƙuso da littafi a hannu sai ya karanta. Washegari haka, jibi haka. Yara suka koma kwaikwayonsa a hanyar gida, har da buga ƙafar. Sai Mutari ya riƙa fita da jaka da safe ya shige cikin rake ya zauna har a tashi. Nan uban ya tsince shi. Bai dake shi ba, ya karɓi jakar ya miƙa masa lauje.

Na bar fasinja a tasha na tafi lakwal ɗin. Na jira har aka fita shan iska.

Na ce, "Mushe, ina wuni. Ni ne mai kawo Madam ta gyaran magana."

Ya ce, "Wace Madam? Ni ba wanda ya ce mini akwai wata Madam."

Na yi masa bayani iya yadda na iya. Ya saurara yana kallon takalmina.

Ya ce, "Malam, yaron nan ya iya karatu, na ji shi. In na ƙyale shi, gobe goma za su ce nasu harshen ma ya ɗaure. Kai ka taɓa riƙe aji?"

Ban taɓa ba. Kuma in ka tsaya inda yake tsaye, abin da ya gani ke nan. Na so in ɗaga murya, amma na san maganata ba za ta shige shi ba, sai ta ɗan'uwansa malami. Na yi ta neman Mushe Lawali a waya, inda aka kai shi sai ya hau tudu yake samun layi. Da ƙyar wata rana ta shiga, na ce ya tsaya nan inda yake kada ya motsa, na tuƙa har lakwal na miƙa wa Mushe Bashir. Ya karɓa yana yamutsa fuska, ya zagaya bayan aji. Ya daɗe. Da ya dawo ya ba ni wayar, bai dube ni ba. Ya ce, "Ina garkar tasu take?"

Na ce ya bari in kira Madam. Porje bai dawo ba, amma da ta ji ta hau mota ta zo. Mu uku a moto ɗaya muka bi yashi har fadama.

Mun tarar da uban yana saran rake, Mutari yana bayansa yana sassabe ganye yana tarawa. Ya ƙara tsawo. Da ya hangi Mushe Bashir sai ya juya mana baya ya ci gaba da aikinsa. Uban ya shimfiɗa mana buhu, ya yanko mana rake gaɓa-gaɓa, aka gaisa har aka gaji. Mushe Bashir ne ya fara, kuma ban zaci haka daga gare shi ba.

Ya ce, "Baba, ni na ɓata. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. A ba ni shi, za mu koma daga farko, aji duka tare, yadda Mushe Lawali ya yi."

Madam ta ce ita ma za ta riƙa zuwa, ko da porje ko babu. Ta ce saura kaɗan ne, ta gani da idonta.

Uban ya tofar da ɓawon rake. Ya ce, "Madam, bara ma saura kaɗan kuka ce, na kuma yarda. Wancan mushen mutumin kirki ne, aka ɗauke shi. Wannan ma ga shi ya zo har garka, na gode masa. In an ɗauke shi baɗi fa? Wanda zai zo bayansa, wa zai gaya masa?"

Madam ta ce, "Wannan ba a hannuna yake ba."

"To kin gani. Ni kuma ɗan a hannuna yake." Sannan ya ce, "Amma ba ni aka sa durƙuso ba. Ku tambaye shi. In ya ce zai koma, gobe da kaina zan raka shi."

Ya kira shi. Mutari ya zo ya tsaya da laujen a hannu. Mushe Bashir ya miƙe, sai kuma ya ga ya yi masa tsawo, ya tsuguna.

Ya ce, "Mutari, ka yi haƙuri. Ba zan sake tashe ka kai kaɗai ba sai ranar da ka ce. Za ka dawo?"

Yaron ya buɗe baki, abin ya riƙe shi. Wuya ya kumbura, ƙafa ta fara dukan laka. Sai na ga ya tsaya, ya saki numfashi, ya ja farkon kalmar a hankali yadda aka koya masa. Ba aji, ba benci, ba abokin zama. Ya dubi malamin a ido.

Ya ce, "Ba zan koma ba, Mushe. Na fi son nan."

Tsaf ta fito, har ƙarshe. Ya koma bakin aikinsa.

Uban ya ɗaura mana rake a bayan moto, ya ce a gaida gida. Mun yi nisa cikin yashi sai Mushe Bashir ya ce daga baya, "Madam, shi kaɗai fa ya faɗa."

Ta ce, "Na ji."

Mun sake komawa, Mushe Bashir ma ya yi ta zuwa shi kaɗai a ƙafa. Mutari bai dawo lakwal ba.